Matsalar kalmomi wajen gano ƙarin timus: misali daga Tarka ta Damargu

Wannan ƴar maƙala tana duban wata gaɓa inda aikin likita ya rataya a kan harshe. Majiyyaci daga Tarka, a gundumar Belbeji wadda aka cire daga Tanut a 2011, yana faɗin ciwonsa da Hausa ko Tamajak, amma takardar da za ta raka shi babban asibitin Damagaram da Faransanci ake rubuta ta.

Abin da Faransanci ke kira « thymus », wanda za mu rubuta timus, wata halitta ce da ke kwance bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya. A cikinta ne wani jinsin fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki yake ƙosawa, kamar yadda Jacques Miller ya nuna a 1961. Bayan balaga takan shanye, kitse ya maye gurbinta. Ƙarin da ya fi fitowa a kanta shi ne timom, galibi ga masu shekara 40 zuwa 60, kuma ba ciwo ne mai yawa ba.

Matsala ta farko ita ce suna. « Thymus » da « thyroïde » sun yi kama a kunne, don haka mai fassara yana iya cewa maƙoƙo. Kuskure ne: maƙoƙo kumburin tiroyid ne, a wuya. Kaluluwa ma ba ta dace ba, domin ita ana taɓa ta da hannu a hammata ko matsematsi, shi kuwa timom hannu ba ya kai gare shi. A ganinmu aron kalmar ya fi, a biyo ta da bayani: ƙari a bayan ƙashin ƙirji. Kada kuma a yi saurin cewa sankara tun ba a duba tsokar ba.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu timom, ko fiye, suna da miyasteni, wato raunin tsoka da ke ƙaruwa in an yi aiki, ya ragu in an huta. Wannan hawa da sauka shi likita yake nema. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Na gaji.
(2) Jikina ya mutu.
(3) Da safe lafiya lau, amma da marece fatar idona takan sauko, nakan ga abu biyu-biyu.

Jimla ta (1) da ta (2) suna cikin shuɗaɗɗen lokaci, kuma duka biyun sukan koma « fatigue » a takarda. Ta (3) kaɗai ke ɗauke da alamar ciwon, a cikin -kan na sabau da bayanau na lokaci. In mai fassara ya taƙaita ta, abin da likita yake bukata ya zube. Tambayar da ta dace ke nan ba « Ka gaji? » ba ce, sai dai: yaushe abin yake tsananta, tauna tuwo tana gagara kafin a gama ci, murya tana canzawa in magana ta yi tsawo? Wanda ya yini a gonar hatsi zai amsa tambayar farko da i, ko lafiyarsa ƙalau.

Tari da ciwon ƙirji kuwa sukan sa a fara zaton tarin fuka, kuma da hujja, tunda ya fi yawa nesa ba kusa ba. In gwajin majina bai nuna kome ba, hoton ƙirji yana iya nuna inuwa a tsakiya. Sikana ce ke fayyace girman ƙarin da abin da ya taɓa. Gwajin jini yana neman alamar miyasteni, wani gwajin kuma yana taimakawa a ware wasu ƙarurrukan da ke fitowa a wurin. In ana iya cire ƙarin gaba ɗaya, sau da yawa ba a tsakuro tsoka tukuna, sai bayan tiyata a duba shi bisa rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fara fitarwa a 1999 (A, AB, B1, B2, B3), a kuma auna yaɗuwarsa da matakan Masaoka na 1981. Mai bukatar gashi da haske sai ya wuce Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta fara wannan aiki a 2021.