In Mai Saye Ya Ce Ya Fasa

A kasuwar Kurmi ta Kano, in an sallama wa mutum kaya sa'an nan ya ce ya fasa, ga shi ga mai kaya, ido da ido, nan take su daidaita. Cinikin intanet kuwa ba haka yake ba. Mai saye yana Katsina, kanti yana Ikko, ya aika da kuɗinsa bai ga kaya ba, bai kuma ga mai kanti ba. Tun da Jumia da Konga suka buɗe cikin 2012 irin wannan ciniki yake ta yaɗuwa, jarinsa kuwa amana ce.

Wani malami a kwalejinmu ya yi odar littattafan lissafi 40 daga wani ƙaramin kanti, kashegari ya ga ba su ne ajinsa ke bukata ba. Ya rubuta ya fasa tun ba a ɗaure kayan ba, amma shiru, sai da aka yi wata guda kuɗinsa suka komo. Daga ranar ba wani malaminmu da ya sake sayen ko alli a can.

To, me doka ta ce? Dokar kare mai saye ta Nijeriya, ta 2018, ta ba mutum ikon soke odarsa, ta kuma yarda mai kanti ya cire ladan da ya dace. Wajen auna ladan nan akan duba irin kayan, da tsawon sanarwar da aka bayar, da ko za a sami wani mai sayen. A Ingila kuwa, bisa dokar 2013, mai saye daga nesa yana da kwana 14 bayan kaya sun iso hannunsa, ya fasa ba sai ya faɗi dalili ba, ban da abin da ke saurin lalacewa ko wanda aka yi dominsa musamman.

Saboda haka, akawun da takardar fasawa ta zo hannunsa, ya fara rubuta ranar da sa'ar da ta iso, ya amsa ran nan, kana ya duba inda kaya suke. In suna kanti, a mayar da kuɗi duka. In sun kama hanya, a cire kuɗin mota kaɗai, a nuna wa mai saye lissafin. In kuwa riga ce telan ya riga ya yanka bisa awonsa, a gaya masa gaskiya cikin ladabi. A kuma faɗa masa ranar da kuɗinsa za su iso, kada a saɓa, gama kyawun alkawari cikawa.

Malamanmu na fiƙihu suna kiran warware ciniki da yardar juna iƙala, sun kuwa yaba wa mai yinta. Mai kantin da ya riƙe kuɗin oda ɗaya ya ci ribar yini, amma ya kori ƙauye guda.