Mai taɓin hankali a gaban alƙali

 Yau za mu yi bayani a kan abin da doka ta tanada idan mai taɓin hankali ya yi ɓarna.

Bari mu fara da misali. Bayan girbi, wani magidanci ya cika rumbunsa da damman hatsi. Cikin dare sai ɗan maƙwabcinsa, wanda ya daɗe yana fama da ciwon taɓin hankali, ya cinna wa rumbun wuta. Abincin shekara ya zama toka. Da gari ya waye, samari suka ɗauko sanduna. Wasu na cewa a buge shi. Wasu na cewa a kai shi gidan kaso. Wasu kuma na cewa mahaukaci ba ya da shari'a, a ƙyale shi. To, ina gaskiyar take?

Abin da doka ta ce

Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Haka abin yake a wurin shari'a. Ana hukunta mutum ne domin ya san abin da yake yi, kuma ya yi shi da nufi. Wanda hankalinsa ya gushe a lokacin da ya yi ɓarna, doka ba ta ɗaukarsa mai laifi. Tana ɗaukarsa marar lafiya.

Wannan ƙa'ida ta daɗe. Tana cikin dokar Faransa ta shekarar 1810, a lamba ta 64. Da Nijar ta kafa tata dokar hukunta laifuka ranar 15 ga Yuli 1961, sai ta ɗauko ta. Maƙwabtanmu na Arewacin Nijeriya su ma sun sa ta cikin dokarsu da ta fara aiki a 1960, a lamba ta 51. Kafin duk waɗannan, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da cewa ba a yi wa mahaukaci ƙisasi. Idan ya yi kisa, diyya ce ke hawa kan danginsa.

Sharuɗɗa biyu

Sharaɗi na farko shi ne lokaci. Alƙali yana duba halin da mutum yake ciki a daidai sa'ar da ya yi abin. Akwai masu ciwon da ke tashi ya lafa. Idan mutum ya yi sata ranar da yake cikin hayyacinsa, ciwon da ya yi bara ba zai wanke shi ba.

Sharaɗi na biyu shi ne ciwon ya kasance na gaske, wanda ya raba mutum da sanin abin da yake yi. Fushi ba hauka ba ne. Kishi ma haka. Wanda ya sari ɗan'uwansa saboda rikicin iyakar gona ba zai ce zuciya ce ta ɗebe shi, a sake shi ba. Wanda kuma ya sha giya ko ƙwayar Tramol da ganganci, kada ya sa rai maye zai zame masa mafaka.

Wa ke tabbatar da ciwon?

Faɗar dangi kaɗai ba ta isa ba. Idan abu ya faru, a sanar da mai gari, a kira jandarma. Su za su rubuta abin da ya auku, su miƙa wa kotu. A babban laifi kamar kisa ko sa wuta, akwai alƙali mai bincike. Shi ke neman likita masanin ciwon taɓin hankali ya duba mutumin, ya rubuto abin da ya gani. Ana kuma jin bakin maƙwabta da na gida. Daga nan alƙali ya yanke magana. Mai gari da sarki suna da ikon sasanta rikicin gona da na dabbobi, amma babban laifi aikin kotu ne.

Idan alƙali ya gamsu cewa hankalin mutumin ya gushe, ba za a yanke masa hukuncin mai laifi ba. Amma idan zamansa cikin gari hatsari ne, hukuma na iya sa a kwantar da shi asibiti. Manyan asibitocin Yamai da Damagaram suna da sashen masu wannan ciwo.

Mai rumbu fa? Asararsa gaskiya ce, kuma yana da damar kai kukansa. Zumunci ya nuna dangin marar lafiya su zauna da shi gaban mai gari, a san yadda za a rage masa asara. Amma wanda ya ɗauki sanda ya ji wa marar lafiyar rauni, shi ne zai tsaya gaban alƙali, domin shi da hankalinsa ya yi.

Abin da ya kamata mu yi

Rigakafi ya fi magani. Idan muka ga ɗanmu ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana jin muryoyin da ba mai jinsu, ko yana cewa kowa na neman ransa, mu kai shi likita tun da wuri. Mu fara da asibitin da ke kusa, ko a Gabi, ko a Safo, ko a Ɗan Isa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mu asibitin Madarunfa ko na Maraɗi. Duka da ɗauri cikin mari ba su warkar da kowa. Kada kuma a tsai da magani don an ga sauƙi, sai likita ya ce.

Mu adana katin asibiti da takardun magani wuri guda. Yanzu da muka iya karatu, mu riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi da ranar da aka je likita. Idan wata rana tsautsayi ya faɗa, waɗannan takardu za su taimaki likita da alƙali su gane gaskiya.

Mu karanta wa waɗanda ba su zo aji ba wannan bayani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.