Me ya sa bututun alminiyam ke yoyo a ɗinki?

Manoman rani na Kura da Bunkure da ruwan Tiga suka dogara, bututun da ke yoyo kuwa asarar fetur ce. Falle ake naɗewa a bi gaɓar da walda, kuma nan matsalar take. Alminiyam na narkewa a digiri 660, amma ɓawon da iska ke yi masa sai zafi ya haura 2,000. In ba ka kankare shi da burushin waya ba, ɗinkin ba zai kama ba. Kuma ba ya yin ja kamar ƙarfe. Kana jiran alama sai ka ga rami. Shi ya sa a furojet ɗina na zaɓi injin TIG da iskar agon, duk da tsadarsu.