Dalilin da ya sa ake rufe robobin mota da salatif kafin a goge fenti da inji

Idan hunturu ya wuce ko Sallah ta gabato, masu motoci da dama kan kai su wajen masu goge fenti domin a dawo musu da ƙyallin da ƙura da rana suka cinye. Haka ma dillalai ke yi kafin su kafa mota a kasuwa. Sai dai sau da yawa jikin motar kan fito yana walƙiya, amma baƙaƙen robobin da ke gefen gilasai da bamba da madubai sun yi fari fat, wasu ma sun ƙone. Abin da ke hana wannan ɓarna aiki ne na 'yan mintoci: a rufe robobin da salatif na takarda kafin a kunna inji.

Man da ake goge fenti da shi, wato folish, yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi da ke kankare saman fentin kaɗan har ƙarce-ƙarcen su baje. Fentin mota santsi gare shi, don haka ragowar man kan fita da tsumma. Baƙar robar da ba a yi wa fenti ba kuwa tana da kaushi da ƙananan ramuka. Idan man ya shiga ciki ya bushe, sai ya bar farin tabo wanda wankin yau da kullum ba ya fitarwa.

Matsala ta biyu ita ce zafi. Injin da ke juyawa kai tsaye yana iya kaiwa zagaye 3,000 a minti ɗaya. Idan soson da ke bakinsa ya gogi roba mai taushi, irin wadda ke kewaye da gilashi ko rufin mota mai buɗewa, cikin daƙiƙoƙi sai ya ƙona ta ko ya cinye gefenta. Robar da ta lalace ba ta gyaruwa, sai dai a sauya, kuma idan ta gilashi ce, ruwan sama na iya samun hanyar shiga. Bayan haka, soson kan kwashi baƙin robar ya shafa wa fentin, abin da ya fi fitowa fili a farar mota.

Ba robobi kaɗai ake rufewa ba. Kaurin fentin da kamfani ke yi wa mota yawanci bai wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Daga ciki, shimfiɗar sama mai ƙyalli wadda ake gogewa ba ta kai rabi ba. A bakin ƙofa da gefen bonet da duk wani tudu mai kaifi, fentin ya fi siranta, kuma a nan ne nauyin inji ke taruwa. Idan ya huda, babu abin yi sai sabon fenti, kuma duk mai sayen mota ya san yadda farashi ke faɗuwa da zarar an ce an taɓa yi mata fenti. Saboda haka ƙwararru kan rufe irin waɗannan wurare, tare da tambarin kamfani, da marikin ƙofa, da gefen fitilu, da bututun da ke fesa wa gilashi ruwa.

Shi kansa salatif na takarda saboda fentin mota aka ƙirƙiro shi. Wani ma'aikacin kamfanin 3M a Amurka, Richard Drew, ya samar da shi a shekarar 1925, bayan ya ga wahalar da masu fenti ke sha wajen raba launi biyu a jikin mota. Amfaninsa shi ne yana kamawa, amma yana fita ba tare da ya bar danƙo ko ya ɗago fenti ba. Salatif na liƙe kwali da baƙin na masu gyaran wuta ba su dace da wannan aiki ba, domin danƙonsu na narkewa da zafi ya manne.

Kafin a liƙa, sai an wanke motar ta bushe sarai, domin salatif ba ya kama jiƙa ko ƙura. A bi gefen robar daidai, a danne bakinsa da yatsa, kada ya hau fenti fiye da kima, don duk inda ya rufe ba zai gogu ba. Mai gogewa kuma ya guji hawa kan salatif ɗin da inji, kada danƙo ya kama soso. A yi aikin a inuwa, a cire salatif ɗin a ranar, a hankali, ana jan sa baya. Siririn layin da ya rage sai a gyara da hannu. Idan an taɓa sake wa wani sashe fenti, a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, domin fentin da bai kama sosai ba na iya biyo salatif.

Wanda robobinsa suka riga suka yi fari zai iya gwada buroshi mai laushi da ruwan sabulu, ko abin goge rubutun fensir. A guji fetur da tina, domin suna cin roba, garin neman gira a rasa ido. Shafa mai kuma ɓoye tabon kawai yake yi, bayan wanki biyu ko uku ya dawo.

Don haka kafin ka miƙa makulli, ka tambayi mai aikin ko zai rufe robobin, kuma da wane irin salatif. Ku zagaya motar tare, ka ɗauki hotonta a waya. Kuɗin salatif ɗin da za a kashe bai kama ƙafar kuɗin robar gilashi ɗaya ba.