Ɗaukar Hoton Tukwane Don Nazarin Al'ada

Tukunya abar fashewa ce, sau da yawa kuwa hotonta ne kaɗai shaidar da ke saura a hannun manazarci. Saboda haka ya wajaba ko wanda ɗaukar hoto ba sana'arsa ba ce ya san ƙa'idar abin.

Alal misali, mu dubi tulunan Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta rasu a 1984. Darajarsu tana cikin zanen ƙadangare da kunama da kifi da ta karta a jikin yumɓun. Idan aka haska irin wannan tulu daga gaba, ƙyallin jikinsa zai mayar da hasken cikin kyamara, zanen ya ɓace. Dalili kuwa, kartar ta fi fitowa idan inuwa ta kwanta a cikinta.

Abin yi shi ne a ɗora tulun bisa tebur kusa da taga, haske ya zo daga gefe, a tace shi da farin ƙyalle. A ɗaya gefen a tsayar da farin kwali domin ya rage duhu. A shimfiɗa takarda mai ruwan toka ta lanƙwasa zuwa bango. A kafa kyamara bisa matoki, a ja da baya kaɗan, domin kusanci yakan kumbura cikin tulu ya sauya siffarsa.

Daga ƙarshe, a ajiye ma'auni a gefe, a kuma ɗauki hatimin magini da ke gindin, domin shi ke tabbatar da mai aikin.