Wanne Za A Fara Sakewa Cikin Kayan Kallo Na Gida?

Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, arzikin ƙasar Kura da Bunkure ya sake kama. Da can manomi amfani ɗaya ya ke ɗauka a shekara, yanzu kuwa ga shinkafa da damina, ga alkama da tumatir da albasa da rani. Malaman makaranta da akawuna ma da yawa suna da 'yar gonarsu a bakin kwata, in an kai kaya Kwanar Gafan an dawo, hannunsu ba ya rasa ɗan abin da ya ragu. To, cikin abubuwan da wannan rara ta kan tafi gare su akwai kayan kallo na gida, watau talabijin da lasifikoki da dikoda da abin ba su wuta. Tambayar da malamai su kan yi mana ita ce, in kuɗin bai isa a sake su duka ba, wanne za a fara da shi?

Maganar ba ƙarama ba ce, gama albashin malami ba ya jure wa kuskure sau biyu. Wanda ya zuba kuɗin rani duka cikin ƙaton allo, wuta ta ƙone shi kafin damina ta tsaya, sai ya jira wata shekara, in ma bai ci bashi ba ke nan.

Yadda Abin Ya Zo Mana

Kakanninmu majigi suka sani. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen yin fim domin ƙasashen da ta ke mulki a 1939, motoci suna yawo gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna kiwon lafiya da dabarun noma. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962. Fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, Turmin Danya, ya fito a Kano a 1990, tashar Arewa24 kuwa ta fara aiki a 2014. Da haka kallo ya bar dandali ya shigo ɗaki, ɗawainiyar da ke kan direban majigi da mai kula da injinsa ta dawo kan maigida.

Mutanen wannan yanki sun san cewa ruwa daga Tiga ya ke tasowa, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar kwata, sa'an nan ƙanana, kana ya isa gona. Ba wanda zai sayi iri mai tsada alhali kwatarsa a toshe ta ke. Kayan kallo ma haka su ke, a jere su ke aiki, wanda ya fi rauni cikinsu shi ke yanke wa sauran iyaka. Saboda haka gyara daga tushe ya ke farawa.

Na Farko, Wuta

Kayan da a ke sayarwa a Nijeriya an yi su ne domin wuta mai ƙarfin bolt 230. A ƙauyuka na ƙarshen layi wutar ta kan zo ƙasa da haka, ƙaramin janareto kuma ya kan yi sama ya yi ƙasa, musamman lokacin tayar da shi da lokacin da mai ya kusa ƙarewa. Wannan hawa da sauka shi ne babban mai kashe talabijin na zamani. Don haka kuɗin farko a sa shi ga sitabilaiza, da waya mai kauri wadda ƙwararre ya ɗaura, da wayar ƙasa. A kuma riƙa zare kaya daga soket kafin a tayar da inji ko a kashe shi. In hadari ya taso da tsawa, a zare har da wayar eriya.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa sun koma ga sola. Ga lissafi mai sauƙi wanda kowane malamin aji zai iya yi a kan allo. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya. Irin batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, watau 600. In talabijin da dikoda da lasifika sun haɗu suna cin wat 100, za a sami awa shida, in an cire abin da inbata ke ci sai a ce biyar. Wanda ya yi wannan lissafi kafin ya je Sabon Gari ba ya dawowa da abin da ba zai iya ciyarwa ba.

A nan akwai togaciya guda. Wanda har yanzu tsohon akwatin nan mai ƙeya ya ke da shi, kuma yana nufin komawa sola, gwamma ya fara sake akwatin, gama ya fi sabon allo marar kauri mai girmansa cin wuta nesa ba kusa ba. Rage cin wuta ya fi ƙara batir araha.

Na Biyu, Ɗakin Kansa

Wannan gyara kusan ba ya cin kome, amma shi aka fi mantawa. Ɗaki mai daɓen siminti da rufin kwano ba silin, murya ta kan bugi bango ta dawo, magana ta cuɗe. A shimfiɗa tabarmi ko darduma, a rataye labule mai kauri, nan da nan za a ji bambanci. Kada a sa allo yana fuskantar taga, kada kuma a kafa shi can sama kusa da rufi, sai daidai idon mai zaune. A bar wa kayan sarari ta baya su sha iska, gama zafin bazara na Kano ba wasa ba ne, a kuma rufe su da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura.

Na Uku, Murya

Ga abin da mutane su kan yi mamaki in mun faɗa: kunne ya fi ido saurin gajiya. Talabijin na yanzu ba shi da kauri, saboda haka lasifikarsa 'yar ƙarama ce, tana fuskantar ƙasa ko baya. Mutum ya kan jure hoto mai ɗan duhu har a gama shiri, amma in bai ji abin da mai labarai ko mai tafsiri ke faɗi ba, kallon ya ɓaci. Lasifika biyu nagari, ɗaya dama ɗaya hagu, sun fi biyar marasa kirki. Mai son ƙari ya fara da ta tsakiya, ita ke ɗaukar magana, mai rugugin nan ta zo daga baya. A lura da rubutun kwali: lambar da aka rubuta RMS a gabanta ita ce ƙarfin gaskiya, ta PMPO kuwa, mai dubbai, ta talla ce. Lasifika mai kyau ta kan ga ƙarshen talabijin biyu ko uku.

Amma fa ƙarfin murya yana da haddi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ga desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75. Awon gida shi ne, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, to, ƙarar ta yi yawa. Yaron da kunnensa ya taɓu, malami a aji shi zai fara ganewa, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ga kuma hakkin maƙwabci wanda zai yi sammako zuwa ban ruwa.

Na Huɗu, Hanyar Da Hoto Ke Shigowa

Allo ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba. In farantin tauraron ɗan'adam ya karkace, ko wayarsa ta sha ruwa, ko dikodar tsohuwa ce, hoto zai yi ta tsinkewa kome tsadar talabijin. A gyara saiti, a sake waya, a haɗa dikoda da talabijin da wayar HDMI maimakon tsohuwar nan mai kai ja da fari da rawaya. Sau da yawa daga nan sai maigida ya ga ashe allonsa ba shi da laifi.

Na Ƙarshe, Allo

Allon da a ke kira 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance, 2,160 a tsaye, ninki huɗu ke nan na mai 1,920 da 1,080. Amma a kan allo mai inci 43, in mai kallo ya wuce mita 2 daga gare shi, ido ba ya rarrabe su, tashoshin da mu ke kamawa kuma galibi ba su aiko hoto mai wannan yawan ɗigo. A auna ɗaki tukuna, a tuna kuma inci daga kusurwa zuwa kusurwa a ke auna shi, sa'an nan duk ƙarin girma ƙarin cin wuta ne. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wannan jeri bai tsaya ga gida kaɗai ba. Shugabannin makarantu da ke son kafa ɗakin kallo domin darussa su ma su bi shi, gama aji mai yara sittin murya ya fi bukata a kan ƙaton allo. Muna roƙon malamai da akawuna, tun da su jama'a ke tambaya shawara, su fara gwada wannan tsari a gidajensu: wuta, ɗaki, murya, hanya, kana allo. A yi ɗaya bana, ɗaya baɗi, bayan an ware kuɗin taki da na makarantar yara. Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma, amin.