Yafe Haraji Ba Shi Ne Jinƙai Ga Mutumin Tunuga Ba

Duk sa'ad da hira ta faɗa kan shekarar korona, kawuna sai ya kaɗa kai ya ce, "Ɗana, gwamnati mai tausayi, in annoba ta zo, lanho take fara yafewa." A Tunuga da Gaya ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Ban raina maganar ba, don na san tushenta. Kakanninmu sun sha sayar da akuya, wasu sun tsallaka iyaka da dare, saboda harajin zamanin Nasara. Wanda ya tashi da wannan labari a kunne, dole ya ga cire haraji tamkar sauke dutse daga ka. Amma Kawu, da izininka, ina ganin ba nan gizo ke saƙa ba.

Mu tuna abin da aka yi. An samu mutum na farko mai cutar a Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Ranar 27 ga watan, Shugaba Mahamadu Isufu ya yi jawabi, aka jera sauƙin da gwamnati ta tanada. Ta ɗauki kuɗin wuta da na ruwan famfo na Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani. Ta ɗage biyan harajin mota na shekara zuwa ƙarshen Yuni, ta dakatar da binciken haraji na wata biyu, ta rage wa otal-otal harajin TVA zuwa kashi 10 cikin 100.

To, wa abin ya taɓa? Ina ganin gidan Kawu a idona: fitilar batir rataye a ƙusa, randa biyu a gindin darbejiya, jikarsa na jan guga a rijiya. Babu takardar kuɗin wuta ta NIGELEC da ke zuwa gidan, balle a biya masa ita. Ba shi da mota. Bai taɓa kwana a otal ba. A lokacin, ko kashi 20 cikin 100 na 'yan Nijar ba su da lantarki, kuma mafi yawan masu ita a birane suke. Abin da ba a karɓa daga hannunka ba, ba yadda za a yi a yafe maka shi. Sauƙin ya sauka Yamai, ya sauka kan mai rajista da mai babban kanti, wanda dama yake da suna a littafin ma'aikatar haraji.

Ciwon mutumin Tunuga daban ne. Tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Hanyar Kamba ta riga ta yi wuya kafin cutar ta iso. Da Nijar ta rufe nata iyakokin ga matafiya, sai ɗan kabu-kabu da mai kwalekwale da matar da ke kai busasshen kifi kasuwa suka wayi gari ba ciniki. Wannan mata hatsi take bukata a kwano, da magani in ɗanta ya kwanta. Duka biyun kuwa daga baitulmali suke fitowa, kuma haraji ne ke cika shi: na duwan ɗin Gaya da ke tare manyan motocin Kwatano a bakin gadar Malanbil, da na kamfanoni, da na albashi.

Mun taɓa ganin abin da ke faruwa in baitulmali ya rame. A 2006, zamanin Tanja Mamadu, aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar za a duba su kyauta, gwamnati ta mayar wa likitoci kuɗin. Niyya ce mai kyau, ta kuma ceci rayuka. Sai dai biyan ya yi ta jinkiri, bashi ya taru, har uwa ta kai ɗanta a duba shi kyauta, a miƙa mata takarda ta je ta sayo maganin a waje. Ita ce ta biya giɓin, da kuɗin kazarta.

Kuma giɓin da yafe haraji ya bari, da rance ake cike shi. A Afrilun 2020 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Nijar kimanin dala miliyan 114 na gaggawa. Bashi ne, jikokin Kawu na cikin masu biya.

Akwai inda nake bayan Kawu ɗari bisa ɗari. Cire kuɗin duwan a kan takunkumin baki da kayan asibiti daidai ne. Ranar da kasuwa ba ta ci ba, bai kamata a bi mai tallar ƙosai da tikiti ba. Kuma in mutum ya ce bai ga inda kuɗinsa ke tafiya ba, yana da haƙƙin ya tambaya da babbar murya.

A cikin wancan jawabi na Maris akwai abu guda da ya dace da mu, shi ne ƙara rabon abinci kyauta da sayar da hatsi a farashi mai rahusa. Shi nake so mu kama da hannu biyu in wata annoba ta sake zuwa, Allah Ya kiyaye. Mu je wurin magajin gari mu tambaya: buhu nawa aka turo wa Tunuga, a wace unguwa za a auna, kuma kwali nawa na maganin zazzaɓi ke cikin likitarmu kafin damina ta faɗi.